Ramin da Aka Haƙa a Duniyar Wata

Duk wanda ya taɓa kai dabbobi kasuwar Muwailih ta Omdurman a watan Mayu ya san ƙasa ba ta takuwa da tsakar rana in ba takalmi. Amma makiyayi ya san in ka tona kamu ɗaya ko biyu, sai ka iske ƙasa da sanyi-sanyi. To, irin wannan ne Amurkawa suka je aunawa a duniyar Wata.

A 1971 David Scott na kumbon Apollo 15 ya sauka da injin haƙa, da niyyar ya nutsa mita 3 ya zura ma'aunin zafi. Ƙasa ta ce ba haka ba. Injin ya cije, da ƙyar ya kai wajen mita ɗaya da rabi. A watan Afrilun 1972, a tafiyar Apollo 16, an haƙa rami lafiya lau, sai ƙafar John Young ta harɗe wayar na'urar, ta tsinke. Ku duba fa, tafiyar kilomita sama da 380,000, tuntuɓe ɗaya ya ɓata aikin! Sai a Disambar shekarar, 'yan Apollo 17 suka haƙa fiye da mita 2.

Ga abin da aka gano. A sama, zafin rana na kaiwa wajen digiri 120, ya fi na tafasasshen ruwa, da dare kuma sanyi ya gangara wajen 170 ƙasa da sifili. Amma a zurfin mita ɗaya, ma'auni na tsaye wajen 20 ƙasa da sifili, dare da rana bai cika motsi ba. Ƙurar Wata bargo ce. Shi ya sa masu tunanin gina masauki a can ke maganar rufe shi da ƙasa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wannan: har zuwa 1977 ma'aunan suna nuna zafi yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, aka rasa dalili. Sai a 2018, bayan an zaƙulo tsofaffin kaset na bayanan, masana suka ce sawun 'yan sama jannatin ne. Sun tattake wurin kamar bakin rijiyar da garke ke sha, ƙasar ta yi duhu, ta riƙa shan rana fiye da da, zafin kuma ya yi ta sauka a hankali har ya iske ma'aunin.