Daga Sirdi Zuwa Kujerar Babur: Inda Dukancin Arewa Ya Koma

Duk wanda ya taɓa hawa babur daga Dogon Dutsi zuwa Dogon Kiriya ya san muhimmancin kujera. Hanya ce ta rairayi da gargada, rana kuma tana cin leda babu tausayi. In rigar kujera ta tsage, ruwan damina ya shiga soso, soson ya ruɓe, sai mahayi da wanda ya goyo su koma zaune bisa ƙarfe. Yaron da ke gyaran wannan kujera a bakin kasuwa yana da tarihi, kuma tarihin ya girmi babur nesa ba kusa ba.

Kafin babur, doki ne abin hawan masu hali a ƙasar Arewa, tun daga fadar Matankari har ƙauyukan Dallol Mawri. Sirdi ɗaya kuwa hannu huɗu yake bi. Masassaƙi ya sassaƙa itacen, maƙeri ya ƙera likkafa da linzami, majemi ya jeme fata da bagaruwa, sannan baduku ya lulluɓe sirdin, ya ɗinke da basilla, kafin a shimfiɗa jalala. Gwanintar baduku tana wurin jan fata. In ya ja da yawa ta yage, in ya sassauta ta tattare ta goge cinyar mahayi. Wannan sana'a ta yi suna a ƙasar Hausa baki ɗaya. Bajamushe Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda takalma da jemammun fatu suke fita daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa, har ƙetaren hamada.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu, nan cikin Arewa. Da mulkin Faransa ya kafu, sai hare-hare tsakanin garuruwa suka lafa, doki ya rasa aikinsa na yaƙi, ya koma na sarauta da hawan salla. Mota ta zo, keke ya zo, aka shimfiɗa kwalta daga Yamai ta ratsa Dosso da Dogon Dutsi zuwa Ƙonni da Maraɗi. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara rage dabbobi. Masu neman sabon sirdi suka yi ƙaranci, dukanci ya koma ga ɗinkin laya, kuben wuƙa, takalmi da jaka.

Amma kwalta ba ta kai kowane gari ba, kuma abin da ya gaji doki a hanyoyin ƙauye shi ne babur. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG125, wanda aka ƙera don ƙasashe masu wahalar hanya da ƙarancin masu gyara. Daga baya kamfanonin Sin suka kwaikwayi ƙirarsa suka karya farashi, Indiya ma ta turo nata irin su Boxer. A shekarun 2000 babur ya cika kasuwanninmu, kabu-kabu ya zama abincin matasa. Tun kafin nan, karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta riga ta koya wa mutane cewa gyara ya fi sayen sabo sauƙi.

To, a tsaya a kalli mai sa wa kujera sabuwar riga. Zai kwance kujerar daga jikin babur, ya kifa ta. In gindinta na ƙarfe ne, akwai 'yan haƙora da ake miƙewa. In na roba ne, sai a ciccire 'yan ƙusoshin waya ɗaya bayan ɗaya. Zai matsa soson ya ji ko da danshi, ya shanya shi, ya cike inda ya gutsure. Sabuwar ledar kuwa a rana ake fara ajiye ta har ta yi laushi. Gaba ake fara kamawa, sannan a ja zuwa baya a kama, kana a bi gefe da gefe daga tsakiya, dama ɗaya hagu ɗaya, don kada ta karkace. Mai lura yakan sa siririyar leda tsakanin soso da riga saboda ruwa. Sai an tabbatar babu tattara ake yanke rarar. Tsohon baduku zai gane kowane mataki, domin ilimin jan fata ne aka ɗora bisa leda.

Ga inda maganar ta shafe mu, iyaye da malamai. Da yawanmu in yaro ya kasa wuce jarrabawa, babur muke fara tunanin saya masa ya shiga kabu-kabu. Mahaya sun yi yawa a tasha, haɗari kuma yana raunata su. Ga dokar tsaro: a jihar Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020, an hana zirga-zirgar babura, dubban matasa suka wayi gari babu abin yi. Wanda hawa kaɗai ya iya, ya zauna. Wanda ya iya awo, yanka da ɗinki yana iya komawa ga kujerar mota, ta ɗaki, jakar makaranta ko takalmi, kamar yadda dukawa suka yi lokacin da sirdi ya ja baya.

Malami na iya kawo tsohuwar kujerar babur aji ya koyar da awon tsawo da faɗi a kanta, ya gayyato baduku ya ba yara labarin sirdi. Uba na iya kai ɗansa wurin mai sana'a lokacin hutu, ko ya nemi cibiyar koyon sana'a ta CFM mafi kusa. Mu daina cewa dukanci sai ɗan gado. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma dukawan da suka san sirdi suna ƙarewa. A je gare su tun suna da ƙarfin riƙe basilla.