Wa ke da ikon riƙe allura? Zare kan rigakafi da shagunan magani a Zariya

1/ Daga Hanwa ka fita Kwangila, ko ka miƙe Samaru, ko ka gangara Sabon Gari, shagunan magani sun fi asibitoci yawa nesa ba kusa ba. Amma rigakafin yaro sai an je asibiti, ranar da aka ware, da safe. Me ya sa? Tarihin abin nake son mu bi. Zaren zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Mu fara da abin da yawancinmu ba mu sani ba. Tun 1930 Turawa suka buɗe makarantar koyon haɗa magani a nan Zariya, don samar wa asibitocin Arewa ma'aikata. Shekara 32 ke nan kafin a kafa ABU a 1962. Sashen harhaɗa magunguna da kuke gani a Samaru yau, jikan wannan makarantar ne.

3/ A zamanin En'e likita abin nema ne. Mutumin ƙauye zai iya tsufa bai ga likita ido da ido ba. Malamin asibitin sha-ka-tafi shi ne komai: ya duba ka, ya ba ka magani, ya wanke miki. Duba-gari kuma na zagaye gidaje yana leƙa randa.

4/ Ku tambayi iyayenku tabon nan da ke dantsensu. "Lamba" ake ce masa. Da yawa na agana ne, cutar da ke kashe mutum, in ya tsira ta bar masa zane a fuska, wani ma ta tafi da idonsa.

5/ A 1967 aka fara gagarumin yaƙi da agana da ƙyanda a ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Da wata na'ura mai kama da bindiga ake yi, ana taka ta da ƙafa, ba allura a bakinta. A kafa layi a kasuwa ko ƙofar gidan mai unguwa, kafin azahar an yi wa ɗaruruwa.

6/ Su wa ke riƙe da bindigar? Yawancinsu ba likitoci ba ne. Ma'aikata ne da aka horar kan wannan aiki ɗaya tak, suka iya shi kamar cin tuwo. Zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya. A 1980 WHO ta ce ta ƙare a duniya baki ɗaya.

7/ Ni a nan nake tsayawa duk lokacin da na ji an ce "ai allura sai likita". Cutar da ta gagari kakanninmu, hannun ƙananan ma'aikata ne ya kore ta.

8/ Sai zancen yarda, wanda ya fi zancen horo wuya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200. 11 sun rasu. An yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

9/ Trovan ba rigakafi ba ne, magani ne. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano da Zamfara da Kaduna bisa zargin an sa masa abin hana haihuwa. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama.

10/ Abin da ya gyara lamarin: sarakuna, malamai, da matan unguwa masu shiga gida-gida. Mutanen da aka sani. A 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

11/ To ina masu famasi a duk wannan? A gefe. Su sayar da magani, su ba da shawara, shi ke nan. A waje kuwa an yi nisa. Amurka ta fara horar da su allurar rigakafi gadan-gadan a 1996, zuwa 2009 duk jihohi 50 sun ba su dama. Ingila ta sa rigakafin mura a famasi a faɗin ƙasar daga 2015.

12/ Mu korona ce ta buɗe ƙofar. Rigakafin farko ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021, wajen allura miliyan 4. Mutane suka ƙi zuwa layin asibiti. A 2022 hukumar NPHCDA ta haɗa kai da ƙungiyar masu famasi ta ACPN, aka fara yin allurar a wasu shagunansu. A shekarar ne kuma Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar hukumar PCN mai kula da sana'ar.

13/ Yanzu a kula, don nan ake rikicewa. Famasi daban, kemis daban. Mai famasi ya yi shekaru a jami'a, yana da rajista. Mai kemis lasisinsa na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, doka ba ta ba shi izinin yin allura ba. Eh, na sani, ana yi a bayan labule. Kowa ya sani. Wannan ba shi nake kira a halatta ba.

14/ Ra'ayina: a ba masu famasi masu rajista dama ta dindindin, ba sai annoba ta zo ba. Uwar da ke sana'a a kasuwar Sabon Gari, in ta rasa ranar asibiti, famasi na buɗe har bayan isha'i. Ɗalibin Samaru mai son rigakafin ciwon hanta ba sai ya kashe yini guda a Shika ba.

15/ Amma da sharaɗi. Yawancin rigakafi na son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Da wutar Zariya, wanda ba shi da firjin sola kada ma ya fara, don allurar da ta sha zafi ruwa ce kawai. Sai maganin gaggawa a kusa, saboda mai yiwuwa jikin wani ya ƙi karɓa nan take. Sai a rubuta a katin yaro, a tura wa ƙaramar hukuma.

16/ Da kuma kuɗi. Rigakafin yara kyauta ne a asibitin gwamnati. In ya shiga shago ya koma na sayarwa, an yi ba a yi ba.

17/ Tsohuwar gabar likitoci da sauran ma'aikatan lafiya za ta taso, tabbas. Wannan zare ne na wata rana.

18/ Kada kuma mu ruɗi kanmu. Ƙiyasin WHO da UNICEF ya nuna yara fiye da miliyan 2 a Najeriya ba su taɓa samun allurar farko ba, kuma yawancinsu a Arewa suke. Mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 irin waɗannan yaran ya fi kamawa. Famasi masu rajista kuwa a birni suka taru. Hanwa za ta amfana, Samaru ma haka. Ƙauyukan Giwa da Soba har yanzu sai ma'aikaciya ta hau babur da akwatin ƙanƙara ta je ta same su.