Sakkwato, Ribaɗin Bakin Gulbi

Birnin Sakkwato sansanin yaƙi ne tun daga tushensa. Bayan faɗuwar Alkalawa, hedkwatar Gobir, a 1808, Muhammadu Bello ya zaɓi wani tudu kusa da mahaɗar Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato, ya zagaye shi da ganuwa a 1809. Zaɓen ya nuna basirar mayaƙi. Tudun yana hango fadama, da damina kuma ruwa kan cika ta har ya tare mahayan da za su ɓullo daga arewa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya dawo nan a 1815, aka faɗaɗa birnin, ya rasu a cikinsa a 1817. Sunayen ƙofofi sun riƙe tarihin: akwai Ƙofar Aliyu Jeɗo, mai sunan Sarkin Yaƙin jihadi, akwai Ƙofar Kware da ke fuskantar garin da Abdussalami, ɗaya daga cikin malaman jihadi, ya yi tawaye bayan rasuwar Shehu.

Ƙarfin rundunar yana kan doki ne. Masu jihadi sun fara da baka da kwari, kamar yadda aka gani a Tafkin Kwatto a 1804, amma da mulki ya zauna sai barade suka zama ƙashin bayan yaƙi, wasu cikin sulke, wasu cikin lifidi mai cushe da auduga wanda kibiya ba ta cika huda shi ba. Babu rundunar dindindin mai yawa. Idan kaka ta yi, aka gama girbi, sai a aika wa sarakuna su zo da mutanensu. Bello ya kuma kafa ribaɗoɗi a kan iyakoki, mafi shahara Wurno, inda ya zauna har ya rasu a 1837.

A cikin ruwa kuwa, maƙwabta sun fi Sakkwato gwaninta. Kabawa magadan Kanta ne, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, kuma ana ba da labarin jiragen da yake ratsa fadama da su. Masuntansu sun san kowane lungu na gulbi. Da Yakubu Nabame ya tayar da tutar Kabi a 1849, Argungu, cibiyar Kabawa, ta zama ƙaya a maƙogwaron Sakkwato da Gwandu har ƙarshen ƙarnin, domin doki mai lifidi ba shi da katabus a cikin taɓo. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga na ɗan lokaci, yaƙi ya sake dawowa. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa bikin kamun kifi, gabar ta mutu.

Abin da ya fi jan hankali a tarihin nan shi ne yadda Bello, yana zaune nesa da teku, ya gane muhimmancin tashar jiragen ruwa. Da Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya iso Sakkwato a 1824, sun tattauna kan buɗe ciniki ta gaɓar teku. Bello ya sa aka zana masa taswirar Kwara, ya ambaci Funda da Raka a matsayin wuraren da za a haɗu, ya rubuta wa Sarki George na huɗu wasiƙa, ya nemi a turo jakada da likita, sannan ya nuna buƙatar bindigogi. Dalilinsa a fili yake: makaman da ke zuwa ta hamada daga Tarabulus suna bi ta hannun Barno, alhali tsakaninsa da Shehu al-Kanemi na Barno akwai 'yar tsama. Clapperton ya dawo ta gaɓar tekun Benin a 1825, ya tarar garuruwan biyu ba a bakin teku suke ba. A 1826 ya bi rundunar Bello zuwa harin Konya, garin Gobirawa, ya ga dubban mayaƙa da bindigogi 'yan ƙalilan. Ya kuma ba da labarin wata tsohuwa Bazamfara da ke kutsawa cikin sahu da goruna tana shayar da masu rauni. Yaƙin Sakkwato da Barno ya ɓata tsakanin Clapperton da Bello, Bello ya ƙwace kayan da baƙon zai kai wa al-Kanemi, Clapperton ya mutu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, maganar tasha ta bi ruwa.

Ta wannan hanyar ruwan ce Turawa suka shigo daga baya. Kamfanin Neja ya mamaye Kwara da Binuwai da jiragensa, ya ci Bida da Ilori a 1897, yarjejeniyar Brussels ta 1890 kuma ta toshe wa ƙasashen Afirka sayen bindigogin zamani. Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903. Ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya fito da rundunarsa filin Giginya, a wajen ganuwa ta kudu, tare da Marafa Maiturare da sauran manya. Sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka buɗe wuta da igwa da bindiga mai ruwa, kafin hantsi ya gushe an gama. Wasu tsirarun mutane sun ƙi barin tuta, suka tsaya gindinta har aka kashe su. Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya zauna ya sasanta da Lugard, shugaban Turawan, domin jama'ar da ta rage a gari.

Yawancin ganuwar ta rushe, gidaje sun cinye gurbinta. Sunan Giginya yana kan barikin soja da filin wasa, Sakkwato ce kuma mazaunin Runduna ta 8 ta sojojin ƙasa na Najeriya. Takubba da sulke da sauran kayan yaƙin wancan zamani suna ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu.