Wuta, Doka da Aure: Yadda Aka Dunƙule Masarautu Bakwai na Westeros

Westeros ƙasa ce da ba ta kan taswirar duniya. Marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, shi ya ƙage ta a jerin littattafan da ya fara fitarwa a 1996, daga bisani kuma, a 2018, ya rubuta tarihin gidan sarautarta cikin Fire & Blood, da salo irin na marubutan tarihin fada. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan ƙagaggen tarihi shi ne tambayar da ya taso da ita: yaushe ne ƙasar da aka ci da yaƙi take zama ƙasa ɗaya?

Kafin zuwan Aegon Targaryen, masarautu bakwai ne ke cin gashin kansu a Westeros, kullum cikin hare-haren kan iyaka. Mai karatu Bahaushe ba zai rasa tuna Hausa Bakwai ba, ko da yake kamannin bai wuce na adadi ba. Aegon ya taso daga tsibirin Dragonstone tare da 'yan'uwansa mata biyu, Visenya da Rhaenys, waɗanda kuma su ne matansa bisa al'adar gidansu. Mayaƙansa ba su kai 1,600 ba, amma yana da dodanni uku masu fukafukai masu aman wuta. Sarki Harren ya shafe shekara 40 yana gina ganuwar Harrenhal, aka ƙone shi a cikinta dare ɗaya. Sarakuna biyu suka haɗa mayaƙa 55,000, wuta ta tarwatsa su a fili. Da Torrhen Stark na Arewa ya ji labari, sai ya durƙusa ya miƙa kambinsa ba tare da an zare takobi ba. Daga naɗin Aegon a birnin Oldtown aka fara ƙirga shekarun daular.

Dabararsa mai sauƙi ce, watau wanda ya yi mubaya'a a bar masa ƙasarsa da dokokinsa, wanda ya ƙi a ɗora wani a gurbinsa. Saboda haka abin da ya bari gadon sarauta ɗaya ne, wanda aka ƙera da takubban waɗanda ya ci, a bisa ƙasashe da kowace ke kan al'adarta. Bayan rasuwarsa a shekara ta 37 ba a daɗe ba malaman addini suka yi bore saboda auren 'yan'uwa da gidan sarauta ke yi, aka kwashe shekaru ana zub da jini.

A ganinmu, wanda ya cancanci a kira shi magini shi ne jikansa Jaehaerys, wanda ya yi mulki daga shekara ta 48 zuwa ta 103. Ya sasanta da malamai, ya tattara dokokin masarautun ya mai da su kundi ɗaya, ya kuma shimfiɗa hanyoyin da suka haɗa babban birni da larduna. Aiki ne maras armashi ga mai son labarin yaƙi, shi ya sa ɗalibai kan tsallake wannan babi, alhali kuwa nan ne gishirin yake.

Saura Dorne, ƙasar hamada da duwatsu a can kudu, wadda ta ƙi. Mutanenta ba su tsaya a fili an ƙone su ba. Idan dodo ya zo sai su watse su bar garuruwa fayau, idan ya juya su dawo su hallaka wakilan da aka bari. A shekara ta 10 suka harbo dodon Rhaenys a ido, ita ma ta mutu. Sarki Daeron na Farko, yaro ɗan shekara 14, ya ci ƙasar a yaƙin da ya soma a shekara ta 157, amma riƙe ta ya ci rayuka fiye da cin ta, shi kansa aka kashe shi a can a shekara ta 161. Sai a shekara ta 187, lokacin da dodanni sun riga sun ƙare, Dorne ta shigo da ƙafarta: Daeron na Biyu, wanda matarsa 'yar gidan sarautar Dorne ce, ya aurar da ƙanwarsa ga Maron Martell, bisa sharaɗin Dorne ta riƙe dokokinta da laƙabin sarautarta.

Amma Martin bai bar mu da daɗin biki ba. Manyan da kakanninsu suka mutu a yaƙin Dorne suka ga surukan sarki sun cika fada, kuma an ba su gatan da aka hana waɗanda suka durƙusa tun farko. Wannan ƙorafi na daga cikin abin da ya tara wa Daemon Blackfyre, ɗan'uwan sarki ta wajen uba, magoya baya, har ya ɗaga tutar tawaye a shekara ta 196, shekara tara kacal bayan ɗaurin auren.