Malamin Kuɗin Ƙofa da Surar Daji

A zamanin da, kowane babban gari yana da ƙofofinsa, kamar yadda Sakkwato ta ke da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kade. Birnin Faris na ƙasar Faransa ma yana da nasa, da malamai masu karɓar kuɗin kayan da a ke shigarwa. Cikinsu akwai wani wai shi Hanri Ruso, wanda aka haifa a garin Laval cikin shekarar 1844. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya a wannan aiki, sa'an nan ya bar shi cikin 1893 don ya duƙufa ga zane. Ba wanda ya koya masa, shi ya koya wa kansa.

Cikin 1907 ya zana wata sura da a ke kira Mai Wasa da Macizai. Dare ne, farin wata ya haskaka kogi. Ga wata mace baƙa tsaye a bakin ruwa tana busa sarewa, ba a ganin kome a fuskarta sai idanu. Maciji ɗaya ya rataya a wuyanta, waɗansu suna sulalowa daga itatuwa, wani tsuntsu kuwa ya yi tsit a gefe. Wanda ya taɓa ganin gardi a kasuwa ya san wannan shiru, lokacin da kowa ke riƙe numfashinsa. Kowane ganye ya zana shi daki-daki, kamar mai cika littafin haraji, wani kore shar, wani ya yi duhu har ya kusa zama baƙi.

Abin mamaki, Ruso bai taɓa taka dajin nan ba, bai ma taɓa fita daga Faransa ba. Lambun tsirrai da dabbobi na Faris ya ke zuwa, ya kuma duba hotunan littattafai.

Masu jarida sun daɗe suna yi masa dariya, wai zanensa na yara ne. Lalle kam bai bi ƙa'idar nesa da kusa yadda makarantu ke koyarwa ba, amma wannan bai rage wa surar kwarjini ba. Matasan masu zane suka gane haka, har Fikaso ya yi masa walima cikin 1908.

Ya rasu cikin 1910 da ciwon ƙafa, hannunsa babu kome, mutum bakwai kaɗai suka raka gawarsa. Surar kuwa tana rataye a gidan ajiye zane na Orsay a Faris.