Tangaran na Sin da Jeren Amaren Ƙasar Funtua

A garin Jingdezhen na lardin Jiangxi, can ƙasar Sin, an haura shekara dubu ana gasa tangaran. Cikin abubuwan da garin ya yi suna a kansu akwai wani ɗan tulu mai tumbi, kafaɗarsa a buɗe, bakinsa ƙarami, da murfi a kife kamar hula. Jikinsa fari fat, zanensa shuɗi. Masu shi ba su ɗauke shi abin ƙawa ba da farko, gishiri suke zubawa, ko mai, ko kayan yaji. Da jiragen ruwan Turawa suka riƙa kwasarsa cike da citta dafaffiya da sukari, sai aka shanye cittar aka ɗora tulun a kan kanta, ya zama abin nuna wa baƙi.

Sirrin yana cikin ƙasa da wuta. Ana cuɗa farar ƙasa da wani niƙaƙƙen dutse, a gina, a zana, a shafe, sannan a gasa da zafin da ya kai digiri 1,300, ya fito ruwa ba ya ratsa shi, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara. Shuɗin nan kuwa, a ƙarni na 14 daga Farisa fatake Musulmi suke kai ma'adininsa. Matafiyi Ibn Battuta ya ga tangaran a ƙasar Sin ya yaba ƙwarai. Tulunan da aka fi rububi su ne na zamanin Sarki Kangxi, 1662 zuwa 1722, masu fararen furanni a kan shuɗi, waɗanda ake bayarwa kyauta a sabuwar shekara. Turawa ba su iya yin irin wannan tangaran ba sai da aka kafa masana'antar Meissen a Jamus a 1710. A 2014 aka sayar da wani ɗan kofi na ƙarni na 15 a Hong Kong, mai hoton zakara da kaza da 'yan tsaki, a kan kusan dala miliyan 36. Kofi ɗaya fa!

Mutanen gaɓar tekun Afirka ta Gabas, irin su Kilwa da Gedi, sun samu tangaran tun da wuri, har suna lilliƙa shi a bangon masallatai da kaburbura. Mu nan hanyarmu hamada ce, kuma bayan raƙumi ba wurin kaya masu saurin fashewa ba ne. Kakanninmu mata da ƙorai suka yi jere, da akushi, da faya-fayai, mai hali ta ƙara da tasoshin tagulla na Bida.

Auduga ce ta sauya ɗakin amarya a ƙasar Maska da ta Galadima, wato yankin Funtua da Malumfashi. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902, ya girka injinan gurza a Funtua da Malumfashi, har yau akwai unguwa a Funtua da ke amsa sunansa. Zuwa ƙarshen shekarun 1920 layin dogo na Zariya zuwa Ƙaura Namoda ya ratsa garin. Jirgin da ya tafi da dilolin kaɗa bai dawo wayam ba, ya zo wa kantuna da atamfa da kananzir da kwanuka. Manomi ya kai kaɗa sikeli da kaka, ya karɓi kuɗi a dunƙule, ga lokacin bukukuwa ya kama. Uwar amarya kuwa ta daɗe tana adashi.

Kwanon da ya zo ba tangaran ba ne, ƙarfe ne aka yi wa rufin gilashi aka gasa. Amma farinsa da shuɗin bakinsa da manyan furannin cikinsa duk kwaikwayon tangaran ne, wanda talaka zai iya saye kuma ba ya tarwatsewa in ya faɗi. Na farko daga Turai suka zo. Bayan 1949, da masu masana'antu na Shanghai suka yi ƙaura zuwa Hong Kong, sai kwanukansu suka mamaye kasuwannin Afirka ta Yamma. Wajen samun 'yancin kai Najeriya ta tsananta haraji kan kayan waje, wasu daga cikin masu masana'antun suka tattaro injinansu suka dawo Legas da Kano. A irin wannan ayari Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, rukunin kamfanoninsa kuma shi ya kawo masaƙar Funtua a ƙarshen shekarun 1970. Ashe Sinawa ba baƙi ba ne a nan.

Wanda ya shiga ɗakin amarya a Bakori ko Dandume ko Ƙafur a shekarun 1980 ya san aikin ido ne. 'Yan jere su zo tun hantsi, a goge kowane kwano har ya ɗauki ido. Manyan kwalla a ƙasa, langa a kansu daga babba zuwa ƙarama, a yi ta hawa har rufin ɗaki, farantai a liƙe a bango jere da jere. Za ka ji gwaggo tana cewa, "Ke 'yar nan, sauko da wannan, furensa bai dace da na ƙasa ba." A gani na wannan fasaha ce cikakkiya, ko da yake ba wanda ya rubuta sunan gwanayenta. Dukiya ce kuma, domin yawancin kwanukan ba a taɓa zuba tuwo a cikinsu ba. Na mace ne ita kaɗai, miji ba shi da iko a kai. In damina ta yi tsanani ta zare saiti ɗaya ta ba dillaliya, in 'yarta ta isa aure ta rage mata wasu.

Daga baya kabad mai gilashi ya zo, da samira da kuloli da roba, sai ga tangaran na ainihi ya cika kasuwa, ɗan China mai araha, ana sayensa dozin-dozin. Tsofaffin kwanukan suka gangara tsakar gida, wanda ya ɓare baki ya koma na shan kaji, wanda ya huje ya tafi wurin 'yan gwangwan a kan kilo. Inda kwano bai sauka daga mulki ba shi ne kasuwar hatsi, don da shi ake awon tiyar masara a Dandume.

Abin da ake zuba wa tulun Jingdezhen da ƙasar gina shi kuwa duk suna kusa. Citta ana noma ta da yawa a Kachia da ƙasar Jaba, ana fitar da ita waje a busashe cikin buhu. Farar ƙasar da Jingdezhen ta yi arziki da ita tana nan kwance a Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi, inda ake haƙo ta a loda wa manyan motoci, a kai wa masu yin fenti da taki.