Muryar Ƙirji da Muryar Ka: Ina Muka Baro Waƙar Matanmu?

A wani biki da na halarta nan Illela, lasifika na ta zuba waƙoƙin fim, sai wata tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, nan take ta danne na'urar. Da ta sauke, ta kama waƙar amarya da wata murya mai kauri, kai ka ce ba daga bakinta guɗar ta fito ba. Wannan ne ya sa na ɗauki biro.

Masana waƙa a Turai, musamman Italiya, sun daɗe da raba muryar mace gida biyu, wato muryar ƙirji da muryar ka. A 1854 wani malamin waƙa ɗan Sifen, Manuel Garcia, ya sa ƙaramin madubi a maƙogwaronsa ya ga yadda tantanin murya ke motsi. Idan tantanin ya yi kauri ya girgiza gaba ɗaya, sai sauti ya fito da nauyi, mai waƙa ta ji shi a ƙirji. Idan kuwa ya miƙe ya yi siriri, sai sauti ya haura sama, ta ji shi a ka. A can, gwana ita ce mai iya tsallakawa daga wannan zuwa waccan ba tare da an ji gaɓa ba.

To, mai karatu, matanmu ba su jira madubin Garcia ba. Guɗa muryar ka ce tsantsa, shi ya sa take ratsa unguwa. Amma waƙar kanta, ta daka, ta niƙa, ta reno da ta amada, a ƙirji take zaune, kusa da muryar magana. Dalili kuwa, waƙar Bahaushiya zance ce, akwai habaici, akwai nasiha, dole kowace kalma ta fita tar a saman kiɗan ƙwarya. Saurari Uwaliya Mai Amada ta Kano, ko Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, za ka ji muryar babbar mace wadda ta ga jiya ta ga yau, tana kiran mata su kama sana'a. Haka Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, da murya mai nauyi ta riƙe ƙasashen Larabawa.

Canji ya shigo ta ƙofar silima. Finafinan Indiya sun yi shekaru suna tashe a Arewa, kunnenmu ya saba da siririyar muryar Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022. Da aka fara fim ɗin Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, sannan Sangaya ya yi farin jini a 1999, sai ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano suka ɗora 'yan mata a kan wancan ma'auni, da fiyano maimakon ƙwarya. Fati Nijar, 'yar Maraɗi, na cikin waɗanda suka yi fice, kuma kasetinsu ya cika kasuwar Illela har Birnin Ƙonni. Daga baya kwamfuta ta zo tana ƙara sirantar da murya, har ta kai da wuya ka bambance wance da wance.

Ba ina kushe su ba ne, ni ma da waƙoƙin nan na yi samartaka. Damuwata ita ce mun riƙe rabi mun saki rabi. Yarinya mai murya mai kauri yanzu kunya take ji, gani take ba ta iya waƙa ba, alhali irin muryarta ce ta raini kakanninta. Da Barmani ta rasu a watan Maris na 2013, mawaƙa nawa suka ɗauki ƙwaryarta?

Shawarata, duk mai tsohuwa a gida da ta iya waƙar daka ko ta amarya, ya ɗauki wayarsa ya naɗa tun tana raye. Mu haɗu a fitowa ta gaba.